Kundin laburare ya ce littafi na nan, na je ban same shi ba

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni 'yar zangon Kumasi ce, aure ne ya kawo ni unguwar Bronx a birnin New York, yau shekara ɗaya ke nan da 'yan watanni. Makarantar 'yata ta ce mu yi katin laburare, muka je reshen da ke kusa da gida muka yi. Ma'aikaciyar ta ce duk littattafansu suna cikin kundi a intanet, in riƙa dubawa ta waya. Na nemi wani littafin koyon Turanci, na ga an rubuta akwai shi, na kwashi yara cikin sanyi muka je, sai aka ce ba a wannan reshen yake ba. Na kuma rubuta "littattafan Hausa", bai ba ni komai ba. Da na rubuta "Hausa" kaɗai a wani shafin nasu sai ga abubuwa rututu, amma ban ga wanda za a ba ni aro ba. Shi kuma maigida tsoron tara yake yi idan muka makara wajen mayarwa, yana kuma zargin ana bibiyar abin da mutum yake karantawa. Don Allah a warware mini, domin na fara ganin kamar abin ba namu ba ne.

Daga wata mai karatu a Bronx

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, a gaishe da maigida da yara. Abin naku ne, tunda da harajin mazauna birnin ake tafiyar da shi. Kuma kundin bai yi miki ƙarya ba. Amsa ya ba ki ta gaskiya, sai dai ba amsar tambayar da ke ranki ba ce.

Ki ɗauka kin shiga kasuwar Kejetia kin tambayi dillali ko akwai atamfa iri kaza, ya ce akwai. Gaskiya ya faɗa, amma bai ce tana rumfar da kike tsaye ba. Tana iya kasancewa can ƙarshen layi a wajen wani ɗan'uwansa. Laburaren da ya ba ki kati, wato New York Public Library, yana da wurare wajen 90 a Bronx da Manhattan da Staten Island, kuma rassan unguwa kundin aro ɗaya suke amfani da shi gaba ɗayansu. Idan shafin farko ya nuna miki "Available", abin da yake nufi shi ne akwai aƙalla kwafi ɗaya da ba a ara ba a wani reshe daga cikinsu. Reshen kuwa yana iya zama na Staten Island, wanda sai kin hau jirgin ruwa.

Dalili shi ne kowane littafi yana da bayani hawa biyu a cikin kundi. Hawa na farko bayanin littafin ne kansa: suna, marubuci, maɗaba'a, shekarar bugu, yawan shafi, abin da ya ƙunsa. Wannan sau ɗaya ake rubuta shi, ko da laburaren ya sayi kwafi 200. Hawa na biyu bayanin kowane kwafi ne, mai lambar zane-zanen nan da aka manna a bayansa. Ke a hawa na farko kika tsaya. Da kin taɓa sunan littafin kin gangara ƙasa, ko kin taɓa inda aka ce a duba wuraren da yake, da kin ga jeri, kowane layi da abu uku: sunan reshe, lambar kanta (wato lambar da ke nuna mazaunin littafin a kantoci), da halin da kwafin yake ciki. A nan gizo ke saƙa. Idan ba ki ga sunan reshenku a jerin ba, ko kin gan shi amma da kwanan wata a gefensa, ki sha zamanki a gida. Kwanan watan nan ranar da ake sa ran wanda ya ara zai dawo da shi ne, ba ranar da aka yi alkawarin zai iso hannunki ba. "In transit" kuwa yana cikin mota tsakanin reshe da reshe. Wanda aka ce yana kantar ajiya, an riga an ware wa wani, ko kin gan shi da idonki ba za a ba ki ba.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma a harkar laburare irin wannan, aike ya fi. Kusa da sunan littafi akwai maɓallin da wasu kundaye ke rubuta wa "Hold", wasu "Request". Ki taɓa shi, ki sa lambar da ke bayan katinki da lambar sirrin da kika zaɓa ranar da aka yi miki katin, ki zaɓi reshen da kike so a kawo miki. Ba a biyan ko sisi. Washegari ko makamancin haka, ma'aikacin reshen da ke da kwafin zai ga sunan littafin a jerin aikinsa, ya zaro shi daga kanta ya jefa a akwati. Motoci na kwashe akwatunan zuwa wata babbar cibiya a Long Island City, inda na'ura ke karanta lambar kowane littafi tana tura shi kwandon reshen da zai je. Idan ya iso reshenku za a turo miki saƙo ta imel ko ta waya, gwargwadon abin da kika zaɓa, kuma saƙon zai faɗi ranar ƙarshe ta ɗauka. Kada ki wuce ranar, domin 'yan kwanaki kaɗan ake ajiye shi, daga nan a miƙa wa na bayanki. Kada kuma ki fita tun saƙon bai zo ba don kin ga an rubuta yana hanya.

Idan duk kwafin suna hannun mutane, buƙatarki ta zama kama layi. Mutane da yawa na ganin an rubuta mutum 90 na jira sai gwiwarsu ta yi sanyi. Ki dubi adadin kwafin tukuna. Mutum 90 a kan kwafi 45, kowane kwafi mutum biyu ke jiransa, kuma yawancin littattafai mako uku ake ba da aronsu, to lissafin bai wuce wata ɗaya da rabi ba. Mutum biyar a kan kwafi ɗaya tilo sun fi wannan daɗewa. Sannan littafi ɗaya kan fito da bugu daban-daban, mai bango mai tauri, mai bango mai laushi, mai manyan baƙaƙe domin masu raunin gani, kuma kowanne da layinsa. Sau da yawa jama'a na cunkushe a kan wanda ya fito a sama, na ƙasansa kuwa yana zaune a kanta babu mai nema.

Akwai wani tuntuɓe da baƙi ke yawan yi a New York. Laburaren jama'a a birnin ba ɗaya ba ne, uku ne: naku, da na Brooklyn, da na Queens. Asalin abin tarihi ne, domin sai a 1898 aka haɗe unguwannin nan biyar suka zama birni ɗaya, alhali kafin nan Brooklyn birni ce mai zaman kanta. Naku an kafa shi a 1895, rassan unguwanni kuwa sun yawaita ne bayan attajiri Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 5.2 a 1901 domin gina su a faɗin birnin. Har yau kowane ɗaya daga cikin ukun da kundinsa da katinsa. Littafin da kika aro a Bronx kina iya mayar da shi a kowane reshe na Bronx ko Manhattan ko Staten Island, amma kada ki jefa shi a akwatin Queens don kin je suna can. Alherin da ke ciki shi ne duk mazaunin jihar New York yana da damar yin kati a dukkan ukun kyauta, abin da babu a wannan sai a duba wancan.

Ko da kundi ya ce kwafi yana reshenku, ba na cewa ki rantse a kai. Kwamfuta ta san an ara ko ba a ara ba, amma ba ta ganin kantar littattafai. Wani na iya riƙe da shi a teburi yana karantawa, ko an dawo da shi da safe yana kan amalanken da ba a jera ba tukuna, ko yaro ya zare shi ya cusa a wani wuri. A wani laburare da na taɓa aiki, akwai littafin da muka yi shekara biyu muna cewa ya ɓace. Ranar da muke bin kantoci ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi tsaf a kanta ta uku daga mazauninsa, wani ya karanta 6 a matsayin 9 ya ajiye shi a can. Tun daga ranar na daina ganin laifin mai cewa ya duba bai gani ba. Saboda haka ko littafin da ke reshenku, ki sa buƙata a kansa, ma'aikata su yi neman, ke ki zo ɗauka.

Yanzu batun bincike. Kin rubuta "littattafan Hausa" kamar yadda za ki rubuta wa Google, kuma nan ne bambancin yake. Google na ƙoƙarin gane nufinki, ya gyara miki rubutu, ya ma fassara. Kundin laburare ba ya karanta cikin littattafai, bayanin da ma'aikaci ya rubuta a kansu kawai yake dubawa, kuma galibi yana so ya ga duk kalmomin da kika rubuta a cikin bayani ɗaya. Kalmar "littattafan" ba ta cikin bayanin da aka yi da Turanci, shi ya sa ya dawo miki hannu rabbana. Duk kalmar da kika ƙara, ƙofa kike ƙara tsukewa.

Mu da muka fara da akwatunan kati, wannan bai taɓa ba mu mamaki ba. Lokacin muna ɗalibai, dogayen aljihunan katako ne cike da 'yan katuna masu faɗin santimita 12.5 da tsayin 7.5, an huda ƙasansu an zura ƙarfe don kada a zare. Littafi ɗaya yana da kati a ƙarƙashin sunan marubuci, wani a ƙarƙashin sunan littafin, wani a ƙarƙashin fannin da ya shafa. Ka ja aljihu kana bi da yatsa, gefen katunan da aka fi nema duk ya yi baƙi. A shekarun 1960 wata mata mai suna Henriette Avram a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ta jagoranci tsara yadda za a zuba bayanin katin nan cikin kwamfuta, kowane abu da gurbinsa, tsarin da ake kira MARC. Har gobe shi ne ƙashin bayan yawancin kundaye a duniya. Ƙungiyar OCLC da ke buga wa laburarori katunan sai a 2015 ta buga na ƙarshe. Abin da ke cikin wayarki katin nan ne aka sa wa riga sabuwa, kuma ƙofofinsa uku suna nan: marubuci, suna, fanni. Kusa da akwatin bincike, ko a shafin bincike mai zurfi, za ki ga inda ake zaɓar wadda za a shiga ta ita.

Idan kin san sunan littafi, kalma biyu ko uku masu nauyi daga cikinsa sun isa, sai ki haɗa da sunan ƙarshe na marubucin. Idan kina da hoton bayan littafin, lambar ISBN ta fi komai saurin kai ki, ita ce mai alƙaluma 13 a littattafan da aka buga daga 2007, ko 10 a na kafin nan. Sai dai bugu ɗaya kawai take nunawa, idan babu shi kada ki ce babu littafin, ki koma neman suna.

Ƙofar fanni ita mutane suka fi watsi da ita, ni kuwa ita na fi so. Laburarorin Amurka sun amince da jerin kalmomi tsayayyu da ake liƙa wa littattafai, kuma da Turanci suke. Littafin da ke magana a kan harshenmu ana sa masa "Hausa language", wanda ke magana a kan mutanen "Hausa (African people)", ƙagaggun labarai kuwa "Hausa fiction". Ba sai kin haddace su ba. Ki samu littafi ɗaya da ya yi daidai da abin da kike nema, ki buɗe cikakken bayaninsa, ki gangara inda aka jera fannoninsa, ki taɓa ɗaya. Duk 'yan'uwansa za su fito. Da littafin koyon Turancin ma haka za ki yi, kuma za ki ga akwai waɗanda suka fi wanda kika je nema dacewa da ke.

Ki kuma bambanta littafi a kan Hausa da littafi da Hausa. Kalmar "Hausa" a akwatin bincike duka biyun take kwasowa, kuma mafi yawa na Turawa ne masu nazarin harshe. Bayan sakamako ya fito, a gefe ko a sama akwai wurin tacewa: da harshe, da nau'in abu, da reshe, da shekarun masu karatu. Ki zaɓi Hausa a wajen harshe, abin da ya rage shi ne wanda aka rubuta da ita. A waya wannan wurin yakan ɓuya a bayan wani ɗan maɓalli, sai an lura.

Sai matsalar da ta shafe mu mu kaɗai, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. Wanda ya shigar da littafin Hausa a kundi shekaru 40 da suka wuce wataƙila ba ya jin Hausa, na'urarsa ma ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. Wani ya rubuta k tsurarta, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashi, wani ya sa waƙafi a gefe. To idan kin nemi "ƙamus" ba ki samu ba, ki gwada "kamus". Haka "waƙoƙi" da "wakoki", "ɗan" da "dan". Ni da marar lanƙwasa nake farawa. Sunayen mutane sun fi wannan rikici. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo za ki same shi a matsayin Usman dan Fodio, da Usuman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi. Muhammadu kuwa ba a magana, kowa da yadda ya ga dama. Laburarori kan zaɓi siga ɗaya su tara duk ayyukan mutum a ƙarƙashinta, suna haɗawa da shekarar haihuwa da ta rasuwa domin bambanta masu suna ɗaya, na Shehu za ki ga 1754 da 1817. Da zarar kin samu littafi ɗaya nasa, ki taɓa sunan yadda suka rubuta shi, sauran za su biyo. Ki kuma tuna cewa su sunan ƙarshe suke sawa gaba, Abubakar Imam a wurinsu Imam ne, sannan Abubakar. Laƙabi irin su Alhaji da Malam da Hajiya, ki cire su daga bincike.

Abubuwan da kika gani rututu ba hanyar aro, ina kyautata zaton kundin bincike kika faɗa. Laburarenku kundi biyu gare shi. Ɗaya na rassan unguwa ne, na abin da ake tafiya da shi gida. Ɗayan na manyan cibiyoyin nazari ne, irin ginin nan mai zakuna biyu a bakin ƙofa da ke kan Fifth Avenue, wanda aka buɗe a 1911, da cibiyar Schomburg da ke Harlem a kan titi na 135, wadda ta keɓanta da tarihi da al'adun baƙar fata, ta kuma samo asali daga tarin littattafan Arturo Schomburg da aka saya a 1926. Abin da ke waɗannan wurare a can ake karanta shi. Da katin nan naki za ki nema, a fito miki da shi, ki zauna ki karanta, ki mayar kafin ki fita. Wasu ma ba sa cikin ginin, suna wani makeken rumbun ajiya a Princeton ta jihar New Jersey, wanda laburaren ke tarayya a kansa da wasu manyan jami'o'i. Idan bayanin ya nuna "Offsite", ki sa buƙata tun kina gida, ki jira saƙon isowarsa kafin ki hau jirgin ƙasa. Ba a tambayar ko kina da digiri. Mai goyo da farfesa kati ɗaya suke nunawa.

Ba zan ɓoye miki ba, littattafan Hausa da za a ba ki aro a rassan unguwa kaɗan ne ƙwarai, idan aka kwatanta da na Sifaniyanci ko Sinanci ko Rashanci, har ma da Faransanci. Ba ƙiyayya ba ce. Laburare na saye ne ta hannun manyan dillalai masu kawo littafi tare da bayaninsa a shirye, littattafanmu kuwa, musamman na marubutan Kano da ake sayarwa a kasuwa, da yawansu ba su da lambar ISBN, ba su kuma taɓa shiga hannun irin waɗannan dillalai ba. Dalili na biyu laifinmu ne. Masu sayen littattafai alƙaluma suke dubawa, abin da aka ara da abin da aka nema. Hausawan Bronx suna da yawa, daga Ghana da Nijar da Najeriya da Togo, amma idan babu mai nema, a takarda kamar ba ma nan. Akwai fom a shafinsu na ba da shawarar littafin da za a saya. Ki cike, ki sa ƙawayenki na makarantar Islamiyya su cike, ki kuma faɗa wa mai kula da sashen yara baki da baki cewa kuna son littattafan yara masu Hausa da Turanci. Buƙata ɗaya ba ta motsa kowa, ashirin daga reshe ɗaya ana kallonta. Wasu kan ce bari su kwaso nasu su kai kyauta. Niyya ce mai kyau, amma a tambaya tukuna, domin ba kowane littafin da aka kai ake shigarwa kundi ba.

Idan takamaiman littafi kike nema kuma babu shi a duk kundayen birnin, akwai WorldCat, kundin da ya haɗa bayanan dubban laburarori na duniya, kowa na iya dubawa kyauta. Zai nuna miki inda littafin yake. Na Hausa sau da yawa jami'o'i masu sashen nazarin Afirka ne ke da su, kamar laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern, wanda har rubuce-rubucen hannu na malaman Kano yake ajiye da su. Ki ɗauki hoton bayanin ki kai wa ma'aikacin reshenku, ki tambayi ko za a iya aro miki daga wani laburare. Yana ɗaukar makonni, kuma ba kowane abu masu shi ke yarda ya fita ba.

Lambar kanta ita ce adireshin littafi, ki rubuta ta duka har da haruffan da ke biye da ita, kada ki tsaya a rabi. Rassan unguwa na jera littattafan ilimi da tsarin da Melvil Dewey ya fito da shi a 1876, wanda ya raba sani gida goma, daga 000 zuwa 900. Kaɗan da za su yi miki amfani: 297 Musulunci, 428 koyon Turanci, 641.5 girke-girke, 649 renon yara, 966.7 tarihin Ghana, 966.9 na Najeriya. Harshen Hausa yana 493.72, adabinta 893.72. Abin da ke bayan ɗigo ba cikakkiyar lamba ba ce, ɗaya-ɗaya ake bin alƙaluman, shi ya sa 641.59 take zuwa kafin 641.6, ko da yake ido na ganin 59 ta fi 6. Wannan ya ɓatar da manya da yawa. Ƙagaggun labarai ba su da lamba, da sunan ƙarshe na marubuci ake jera su. Idan kin ga J a gaban lamba, sashen yara za ki nufa, YA kuwa na matasa ne.

Ki lura da ɗan hoton da ke gefen kowane sakamako, domin suna ɗaya na iya fitowa sau huɗu: littafin takarda, na karantawa a waya, na saurare, da faifai. Na waya da na saurare ana aronsu ta manhajar Libby da katin nan dai, kuma ga mai koyon Turanci, ki haɗa na takarda da na saurare ki riƙa bi da ido kina ji, ya fi kowanne shi kaɗai. Su ma akan yi musu layi, abin da ke ba mutane mamaki, saboda laburare lasisi yake saye, kowane lasisi mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Idan wa'adinsu ya cika da kansu suke komawa. Sannan ki tambayi ajin koyon Turanci na manya, laburaren na yin sa kyauta a rassa da dama, ciki har da babbar cibiyarsa ta Bronx da ke kan titin Kingsbridge kusa da Fordham.

A gaya wa maigida ya kwantar da hankalinsa. Tun watan Oktoba na 2021 laburarorin birnin uku suka soke tarar makara, suka kuma yafe wadda ake bin mutane. Abin da ya rage shi ne kuɗin littafin da ya ɓace ko ya lalace. Idan littafi ya daɗe sosai bai dawo ba, kwamfuta za ta ɗauke shi a matsayin ɓatacce ta rubuta kuɗinsa a asusunki, da zarar kin mayar da shi sai a goge. Duk da haka a riƙa mayarwa a kan lokaci, tunda akwai mai jira kamar yadda kika jira. A cikin kundin akwai wurin shiga asusunki, nan za ki ga abin da ke hannunki, ranar mayar da kowanne, da matsayinki a layi. Nan ne kuma ake sabunta aro, muddin babu mai jiran littafin. Katin yara daban yake da naki, sai kin shiga da lambar kowanne za ki ga abin da suka ɗauko, don haka ki rubuta lambobin a wuri ɗaya.

Zargin bibiya kuwa, ban ga laifinsa ba, baƙo da taka-tsantsan aka san shi. Amma jihar New York tana da doka, sashe na 4509 na dokokin shari'ar farar hula, da ta ce bayanan mai amfani da laburare sirri ne, ba a fitar da su sai da yardarsa, ko da sammaci ko umarnin kotu, ko inda wata doka ta tilasta. Ba a tambayar takardun zama ƙasa wajen yin kati, shaidar suna da adireshi ake nema, kuma katin shaida na birni, IDNYC, ya wadatar. A al'adar aikinmu, da zarar an mayar da littafi ana raba sunan mai aro da shi, sai idan mutum da kansa ya kunna ajiye tarihin karatunsa. Abin da zan ja kunne a kai biyu ne: manhajojin kamfanoni irin Libby suna da nasu ƙa'idojin daban da na laburare, sannan idan kin shiga asusunki a kwamfutar reshe, ki tabbata kin fita kafin ki tashi daga kujera.

Littafin koyon Turancin nan, ki buɗe shi yau da dare bayan yara sun kwanta, ki sa buƙata, ki zaɓi reshenku. Ranar da saƙo ya zo za ki tarar da shi a kantar ajiya kusa da teburin ma'aikata, da 'yar takarda a jikinsa mai ɗauke da wani yanki na sunanki ko na lambar katinki. Ganin takardar ba ya nufin an riga an ba ki aro. Sai kin kai shi tebur ko na'urar da ke gefe, an haska katinki an haska littafin, sannan ki sa shi a jaka.